Mai Wankin Zanen Gado

Wani ƙaramin gari a tsaunukan Wales, 1887

Likita yana da babban littafi mai baƙin bango.
Ni ban iya karatu ba.
Amma duk Litinin ana sauko mini da kwando
daga ɗakuna biyu, gadaje tara,
a nan nake nawa karatun, hannu cikin kumfa.

Zanen gado na ɗaya na Idwal Prosser ne,
shekara ashirin da shida yana fasa dutsen rufi.
Majinarsa toka-toka, kalar rufin cocinmu.
Dutsen da ya fasa bai yafe ba,
ya biyo shi gida, ya tare a ƙirjinsa,
yana karɓar kuɗin haya numfashi-numfashi.

Na biyu ko yamutsewa ba ya yi.
Tsohuwa Morfudd ke kai. Sanyin ƙashi ya murɗe mata yatsu
kamar saiwar da ta ci karo da fa.
Rabin mutanen kwarin nan ita ta saƙa musu safa,
yau cokali ya fi ƙarfinta.
Inda ta kwanta, nan take wayar gari,
ɗan gurbi kawai, kamar inda kaza ta yi kwanci.

Can gangare masu hali suna sauka daga jirgin ƙasa
da laima da akwatunan fata,
su yi layi a bakin famfo,
su biya, su sha ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai,
su yatsine fuska, su ce sun ji dama.
Ciwonsu maiƙo ne da yawan zama.
Ran Lahadi sukan jefa sulalla a faranti don asibitinmu,
da su ake sayen sabulun nan. Ban raina ba.

Ruwan dai ɗaya ne. Mu ma a bokiti muke ɗebowa,
kowa kofi guda kafin gari ya waye.
Emrys, yaron da doki ya shura a bayan otal,
ya ce in har ruwan nan yana ɗora ƙashi
to shi ma zai auri 'yar mai otal.
Idwal ya yi dariya har tari ya sa aka kira nas.
Zanen Emrys duk ɓarɓashin burodi ne da man zafi,
irin zanen wanda zai tashi.

Gado na bakwai ne ba na so.
Tegwen, 'yar aikin gidan wani lauya.
Makon farko gumi kawai.
Na biyu, ɗigo uku a bakin matashi,
ja kamar 'ya'yan ƙayar shinge.
Na jiƙa da ruwan sanyi da gishiri, suka fita.
Mako na biyar gishiri ya gaza.
Ta aiko wai in yi haƙuri da wahalar da take ba ni.
Ji fa. Ni take ba haƙuri.

Kwana goma sha ɗaya ana ruwa ba ƙaƙƙautawa,
tumaki a kan tudu sun koma jiƙaƙƙun tsummoki,
shanya ta ƙi bushewa sai a gaban murhu.
Ranar da rana ta leƙo, kwando ya zo da nauyin da na sani:
zane da bargo da rigar barci a ƙulle wuri guda,
aka ce in ƙone.

Na ƙone. Sai dai na zare shuɗin zaren
da take ɗaure gashi da shi, na tafasa shi sau biyu.
Yana nan cikin aljihuna.

An ce kalma ɗaya likita ya rubuta gaban sunanta,
da harshen da ba a taɓa lallashin jariri da shi ba.
Ban tambayi ma'anarta ba.
Gobe Emrys zai tafi yana dogara sanda,
an kawo wani makiyayi, ƙafa a kumbure,
babbar nas tana son zanen gado na bakwai a goge
kafin ƙararrawar sha biyu,
ga shi tukunya ko motsi ba ta fara ba.